Hayaƙin Limbani a Kan Garin Masarata

Lizulu, washegarin kasuwa

Zuwa ga jikana Limbani,

Kafin in gaishe ka, amsa mini wannan. Mene ne abin da yana cikin ciki yake shanye hayaƙi, da aka fito da shi waje kuma ya koma ba da hayaƙi? Ka riƙa juya shi a ranka kana tuƙi. Ba sauri nake ba.

To, yanzu gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Nambewe da 'yar ƙaramar nan Takondwa mai hanci irin nawa. Mu nan lafiya lau muke, in ka cire haushi.

Na ji wayata tana ta kuka a cikin kwanon da nake ajiye ta. Na san kai ne. Ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba. A waya sai ka katse ni da "Gogo, tsaya ki ji," can kuma ka ce kati ya ƙare. A takarda babu mai katse ni. Aji uku na yi a makarantar mishan, kuma sun ishe ni in wanke ka tas. Fakisoni mai bas zai miƙa maka wannan, ta hannunsa kuma za ka amsa.

Ka san ƙarshen watan gobe za mu buɗe dutsen kabarin kakanka Yotamu. Ka san za a zo daga Dedza, daga Ntcheu, har da danginsa na tsallaken iyaka, kuma duk wanda ya zo sai ya ci farin tuwo. Matan zumuntar cocinmu suka zo suka taya ni. Muka surfa masara har kafaɗunmu suka yi tsami, muka jiƙa ta, muka tsane, aka kai inji. Ranar da ka tashi daga nan na shimfiɗa tabarmi tun daga bakin rumbu har gindin mangwaro, na baza garin nan ya sha rana. Fari ne har ido ba ya iya kallonsa. Na rataye farar rigata ta zumunta a igiya, na tafi gidan maƙwabciyata Nangozo aron ƙarin tabarma.

Kai kuma, maigidana sarkin direbobi, ka ta da motarka a bayan rumbu ka bar ta tana gurnani, wai tana ɗumama, ka zauna kana shan shayina. Da ka tashi tafiya ka taka ta a hawan nan na bakin gida. Yara sun ce sai da rana ta ɓace.

Na dawo na tarar da garina ya koma kalar jaki. Kunkunniya ce mai maiƙo, ba ta kaɗuwa, ba ta tankaɗuwa, in ka shafa sai ta shige. Rigata kuwa kamar an goge gindin tukunya da ita. Ina tsaye sai ga Nabiyeni, wadda ka sani, wadda tun muna 'yan mata take jiran ranar da zan ji kunya. Ta dangwala yatsa a garin, ta ɗaga, ta duba, ta ce, "Nachisale, sabon salo ne? Tuwon makoki da kalar makoki?" Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya da ya rage ya kusa faɗowa. Aladun Nangozo ne suka ci mafi yawan wannan gari, su ma sai da suka yi shawara.

Da can motar nan ba haka take ba. Ranar da ka fara kawo ta, ba kai ka ba ni farin hankici ka ce in kara a bakin salansa ba? Na kara, na cire, fari tas. Na yi ta ba da labari a coci, wai motar jikana ba ta tusa. Me ka yi mata?

Masarar da ta rage a rumbu ta surfe ɗaya ce kacal. In ta lalace babu taro, babu kuma abin da zan ci kafin sabon amfani. Saboda haka ka ji da kyau. Dutsen kakanka yana can wurin masassaƙi a Limbe, kai ka yi alkawarin ɗauko shi a gaban kawunnanka. Amma muddin motarka tana wannan aman, ba za ta bar kwalta ta shigo hanyar gidana ba, kuma dutsen Yotamu ba zai hau bayanta ba.

Ka gaishe mini da Nambewe. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma kiyaye waɗanda ke bayanka a hanyar.

Kakarka,
Gogo Nachisale

*

Bangwe, Blantyre

Gogo tawa,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Muna lafiya. Fakisoni ya ba ni takardarki a tasha yana murmushi, ina zargin ya karanta.

Maganar gari, ki yi haƙuri. Ban lura da inda iska ta nufa ba. Zan kawo miki buhun gari na kanti, mai kyau, a rufe, ki huta da surfe.

Amma Gogo, tsaya ki ji. Ke kin san masara, ni na san mota. Motar nan a ƙasar Turawa aka ƙera ta. Suka sa mata wata filta a hanyar salansa, ganga ce ta ƙarfe, a cikinta akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, shi yake kama baƙin hayaƙi. A can mansu tatacce ne, hanyarsu shimfiɗaɗɗiya, mota tana gudu sai filtar ta ƙone dattinta da kanta. A nan fa? Kwana nake a layin gidan mai, in na gaji in saya a jarka wurin 'yan bumburutu, Allah kaɗai ya san abin da suka zuba. Sai filta ta toshe, jar wuta ta kama a gabana, mota ta ƙi ja. Kin taɓa ganin babbar mota ɗauke da siminti tana hawan dutse, mai keke da buhun gawayi ya wuce ta yana ɗaga mini hannu? Ni an yi mini. Mai kaya ya kira ya ce in ba zan iya ba akwai masu iyawa.

Na kai wa Waisoni bakanike. Ya ce sabuwar filta sai an yi oda, kuɗinta kuma ya kusa na gida. Ya ce kowa cirewa yake yi. Ya yanke ta, ya haɗa bututu miƙaƙƙe, ya sa wani mai kwamfuta ya lallashi ƙwaƙwalwar motar ta manta an taɓa sa mata filta. Tun ranar take tashi kamar doki. Da wannan motar nake ciyar da Nambewe da Takondwa, da ita aka biya masassaƙin dutsen da kike hana ni ɗauka.

Maganar doka kuwa, an ce a can Turai laifi ne babba. A nan ban taɓa ganin wanda ya kwanta a ƙarƙashin mota yana neman ganga ba. Ki tsaya a bakin kwalta ranar kasuwa ki ƙirga masu hayaƙi. Ni kaɗai ne?

Kuma ki daina magana kamar ba na tuna ki. Wa ya kawo miki murhun gawayi mai sheƙi, wanda babu irinsa a duk Lizulu, kina ɗumama ƙafa da shi a wannan sanyin?

Ga shawara. Daga kwalta zuwa gida gangara ce. Zan kashe inji a sama in gangaro shiru, babu hayaƙi ko kaɗan. Kowa ya huta.

Kacici-kacicinki ban san amsarsa ba, ba ni da lokacin wasan yara.

Jikanki mai biyayya,
Limbani

*

Lizulu

Limbani,

Ina gaishe ka, don uwarka ta yi mini biyayya har ta koma ga Ubangiji, ba don halinka ba. Ina gaida mutanen gidanka da zuciya ɗaya.

Ko a takarda sai da ka ce "Gogo, tsaya ki ji." To na tsaya, na ji, har na sa Nangozo ta sake karanta mini da tabaranta ko na tsallake wurin da hankali yake. Ba mu same shi ba.

Za ka kashe inji ka gangaro shiru. Madalla. To fita fa? A ka za ka ɗauke ta ka hau da ita? Ko za ka bar mini ita kaji su yi ƙwai a ciki? Kuma ba kai ka taɓa gaya mini birkin motar nan da iska yake aiki, iskar kuma inji ke ba shi ba? Wato so kake ka gangaro da dutsen kakanka ka bi ta kan rumbuna ka tsaya a cikin ɗakina. Sai a sassaƙa dutse na biyu, a huta gaba ɗaya.

Garin kanti kuma! Ni Nachisale in tara dangin mijina in tuƙa musu garin leda, mai ɗanɗanon kwali? Matan da suka surfa masarar nan ba don ba su san hanyar kanti ba ne. Kowace ta ci tuwon Yotamu, kowace ya taɓa gyara mata jinka ko ƙofar rumbu. Hannunsu suke sa masa. Ka je ka tambayi mai kantin ko yana sayar da wannan.

Ka ce kowa yana yi. Kowa yana fitsari a bayan kasuwa, shi ya sa ba a iya wucewa ta can. Ka ce babu mai kwanciya a ƙarƙashin mota. Ni ban san abin da aka rubuta a Lilongwe ba, ban je ba, ba a kuma tambaye ni ba. Dokar tsakar gidana na sani, ita kuma ba ta bukatar kwanciya a ƙasa, hanci ya ishe ta.

Yanzu bari in gaya maka abin da kake ƙarami ba ka lura ba. Kai ka san kakanka tsoho ne mai zama a rana yana tari, kuna kwaikwayonsa kuna dariya, shi ma yana taya ku. Ni na san shi yana ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana tsokanata. Ya tafi Joni, babban birnin nan na can ƙasar kudu, aikin ramin zinariya. Ya ce a can ƙasa ƙura ce kamar hazo, ana ba su wani abin rufe hanci, amma yana hana numfashi, aiki ba ya sauri, sai kowa ya cire ya rataya a wuya. Kowa, ka ji? Ya dawo da bargo, da akwati, da keke, da ƙurar nan a ƙirji. Bargon ya tsufa, keken ya mutu, ƙurar ce ba ta je ko'ina ba. Shekarunsa na ƙarshe daga ɗaki zuwa gindin mangwaro sai ya huta a hanya. Ni na riƙa riƙe masa kwano.

Wannan mutumin za ka ɗauko sunansa a kan dutse, kana tafe kana zuba wa mutane baƙin abu a ƙirji tun daga Limbe har kabarinsa? Ba da raina ba.

Na riga na yi magana da Bambo Kachingwe mai keken shanu. Ya ce a sa dutsen a motar haya ta kowa, a sauke a kwalta, shanunsa Sitima da Boma za su ƙarasa. Hayaƙinsu ta baya yake fita su ma, amma taki ne. In kawunnanka suka tambayi ina Limbani da alkawarinsa, zan ce su tambaye ka.

Ba na cewa ba ka sha wuya ba. Na ji maganar mai keken gawayi, na yi dariya, sannan na ji tausayinka kaɗan. Kaɗan fa.

Murhun nan da kake yi mini gori, za mu zo kansa. Ka ce ba ka san amsar kacici-kacicina ba. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai rubutunka ya kwanta. Layin nan a kwance yake.

Ga ƙulli nan Fakisoni zai ba matarka hannu da hannu. Ba naka ba ne, kada ka buɗe.

Allah ya shirya mini kai.

Gogo Nachisale

*

Bangwe

Zuwa ga Gogo,

Ina durƙusawa ina gaishe ki. Yaya sanyi, yaya ƙafa? Takondwa tana gaishe ki, ta fara cewa "Gogo," amma kaza take nufi.

Ƙullin ya iso, da 'yar takardar da ke ciki. Na yi yadda kika ce. Na tuƙa tuwon da garin nan mai toka, na yi miyar kifi mai kyau wadda yake so, na kai masa ruwan wanke hannu, na buɗe kwano. Ya duba ya ce, "Wannan mene ne?" Na ce tuwon Lizulu ne, Gogo ta aiko. Ya gutsura ya kai hanci, ya ce warin dizal yake, ko kare ba zai ci ba. Ya ce so nake in kashe shi.

Gogo, ki gafarce ni, a nan na ƙara da abin da ba ki sa ni ba. Na ce, "Baban Takondwa, kai sau ɗaya aka sa maka a kwano ka ƙi. Mu kullum da safe muke ci ta hanci." Don a jikin tagarmu yake ɗumama motar. Na daina shanya kayan yarinyar a waje. Tun da aka yi wa motar aikin nan take tari, in ta yi barci ƙirjinta yana fito. Na kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta tambaye ni ko a ɗaki nake girki da itace. Na ce a'a. Ta ce to mene ne yake hayaƙi a gidan? Na ɗauki yarinyar na fito, don ban saba kai ƙarar mijina waje ba. Shi kuma da na gaya masa sai ya ce sanyi ne.

Ranar tuwon nan kuwa, fita ya yi ya zauna a kan taya. Da safe bai ta da motar ba, sai da ya kira maƙwabta suka tura ta can bakin hanya.

Akwai abin da ba zai rubuta miki ba. An tsayar da shi a shingen 'yan sanda saboda hayaƙin, an rubuta masa takardar tara, ba sau ɗaya ba. Sannan matar Waisoni da muke coci ɗaya ta yi suɓul da baka, ta ce saƙar nan da ake cirewa ba zubarwa ake ba, akwai masu zuwa saye da tsada. Wato an biya Waisoni ya cire, ya kuma sayar da abin da ya cire. Da Baban Takondwa ya ji, bai ci abincin rana ba.

Ba mugu ba ne, Gogo. Tsoron rasa aikin yake yi, ni ma ina yi. In motar ta tsaya, mu ma mun tsaya.

Ba zan samu zuwa taron ba, likita ya ce cikin nan ya tsufa da hawa bas. Kacici-kacicinki na gani a takardar da ya bari a aljihu. Na yi ta tunani na kasa, na tambaye shi ya ce in rabu da shi.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Nambewe

*

Bangwe

Gogo,

Gaisuwa. Kin haɗa kai da matata, na gani. Na gode.

Na bar Waisoni. Abin da na gaya masa ba na takarda ba ne. Na samu wani bakanike a Ndirande, dattijo. Ya nemo mini saƙar filta daga wata mota irin tawa da ta faɗi a hanyar Mwanza. Ya ce tana da sauran rai, in dai zan daina man jarka, in kuma riƙa kawo ta ana wankewa. Wato zan koma kwanan layi, wasu masu kayan kuma za su bar ni. Na sayar da tayoyin ajiya da rediyon ɗaki. Kada ki ce komai.

Saura matsala ɗaya. Saƙar tsirara ta zo, masu yankan ƙarfe sun riga sun farke gangarta. Dattijon ya ce sai an samu gangar da ta dace da motar daidai, ya zagaye Blantyre bai samu ba. Ya tambaye ni ina tawa ta asali. Ya ce ko an huda ta, mai walda zai toshe.

Gogo, kin san inda take.

In kin ba Fakisoni ita a wannan makon, zan iso da dutsen a kan lokaci. In ba ki ba shi ba, ki gaishe mini da Sitima da Boma.

Limbani

*

Lizulu

Maigidana marar kunya,

Ina amsa gaisuwarka, guntuwa ce amma na karɓa.

Na san inda take? Ƙwarai na sani. Ƙafafuna suna jikinta lokacin da takardarka ta iso.

Ka kawo mini ita a cikin kwali, ka sa an yi mata ƙafafu uku da marfi, ka ce, "Gogo, murhu ne na Ingila." Na goge ta da toka kullum har ina ganin fuskata. Na ɗauke ta a ka na kai taron zumunta don mata su ji ɗumi, na ce jikana ne ya yi mini oda. Nabiyeni ta yi kwana ba ta yi mini magana ba don baƙin ciki, abin da ya fi mini ɗumin ma daɗi.

Bayan ka ɓata mini gari, ranar kasuwa, ina zaune da ita ina sayar da dankali, sai wani direba ya tsuguna yana ɗumama hannu. Ya dube ta, ya karkata kai, ya leƙa gindinta, ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Mama, wa ya ba ki hanjin mota kike dafa shayi?" Ya nuna mini ramukan da ake ɗaura wayoyi. A gaban masu tumatir, Limbani. A gaban masu kabeji.

Wato ka cire wa motarka mutunci, ka kawo mini kwanson a matsayin tsaraba, na yi ta godiya ina sa maka albarka. Yanzu kuma, a tsakiyar sanyi, lokacin da ruwan randa yake cizon haƙori, ka ce in mayar. Da ka aiko da bargo tare da takardar, da na ce kana da sauran tarbiyya.

Na juye gawayin, na wanke ta, na naɗe ta a buhu. Fakisoni ya ce sai na biya mata kujera, na ce ya karɓa a wurinka. Ba don kai na bayar ba. Don mai hanci irin nawa ne, da wanda ke tafe.

Amma kada ka ɗauka an gama. Ranar da ka zo, ka tsaya a kwalta. Zan zo da hankicina. Bambo Kachingwe ma zai zo da shanunsa, in hankici ya yi baƙi a nan za a sauke Yotamu.

Mun sake surfe jiya. Rumbu ya zama fayau, har ɓera ya fito yana kallona.

Allah ya kawo ka lafiya.

Gogo

*

Lizulu, bayan taro

'Yata Nambewe,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau, irin wadda ban yi wa mijinki ba tun watan jiya. Yaya nauyin jiki? Ya ce mini tarin Takondwa ya yi sauƙi. Ki rubuto da hannunki, ban gama yarda da bakinsa ba.

Ya iso da hantsi, ya tsaya a kwalta kamar yaron kirki. Rabin kasuwa ta biyo ni. Na ce ya taka ta, ya taka. Na kara hankici a bakin salansa, na ce ya ƙara. Na cire na ɗaga sama. Ba zan yi miki ƙarya ba, bai kai farin ranar farko ba, akwai ɗan dishi-dishi. Nabiyeni ta matso da hancinta tana nema. Na ce, "In kin ga baƙi ki faɗa da ƙarfi." Ta ce ita ba ta zo da tabarau ba.

Bambo Kachingwe kuwa har ya wanke shanunsa ya ɗaura musu ƙararrawa, ya tsaya kamar zai yi kuka. Na ce ba za a yi asarar wankan ba, su shige gaba. Haka aka tafi, Sitima da Boma suna taku ɗaiɗai da keke babu komai a ciki, sarkin direbobi yana rarrafe a bayansu da ƙatuwar motarsa har maƙabarta, yara suna wuce shi a ƙafa suna ɗaga masa hannu. Ya wuce ta gefen tabarmin ragowar garina, na bi na duba kowace.

Shi da kawunnansa suka sauke dutsen. Da fasto ya yaye farin ƙyallen da aka lulluɓe shi da shi, sunan Yotamu ya fito, sai na ga mijinki ya juya baya yana goge ido, wai ƙura ce. Na bar shi. Tuwo ya yi fari, an ci, an ƙara, dangin tsallake sun ƙulla saura a ganye.

Yana ta gunaguni wai motar ta rage ƙarfi a hawa, wai wani mai kaya ya bar shi. Ki lallaɓa shi, ki kuma sa ido. Ranar da kika ga shanyarki ta fara dishi, ki aiko mini, ina da sauran garin nan na farko a tukunya.

Kin ce kacici-kacicina ya gagare ki. Murhuna ne. Yana cikin motar yana shanye hayaƙi, aka fito da shi ya zo yana yi mini hayaƙin gawayi a tsakar gida. Yanzu ya koma cikin da ya fito, ni kuma na koma kan duwatsu uku, ƙafafuna kamar ƙanƙara.

Ki ce masa bargon mai kauri nake so.

Kakarku,
Gogo Nachisale